Rago a turke, mai ciki a amalanke

Ni ne na sayo ragon. Gara in faɗi wannan tun da fari, kada wani ya karanta takardar nan ya ce ga ɗan jami'a ya taso daga Yamai zai yi wa mutanen ƙauye wa'azi. A ƙaramin hutun bara na je gida, Yaya ya ba ni kuɗi, na ƙara jaka 10 daga cikin bursina, na jawo shi da hannuna daga kasuwar dabbobi, fari mai baƙin wuya. Muka ɗaure shi a turke bayan rumbu. Wata huɗu yana cin harawa da dusa, yaran gida suna rige-rigen ba shi ruwa, duk wanda ya gitta sai ya matsa gadon bayansa ya ji ko kitse ya fara zama. Da ya yi zawo, a ranar aka nemo mai allurar dabbobi. A cikin wata huɗun nan, matar da aka sayi ragon dominta sau ɗaya tak ta taka gidan likita, shi ma sai da cikin ya shiga wata na bakwai.

Ba wanda ya buɗe baki ya ce mini matar Yaya tana da ciki. Ragon ne ya sanar da ni. Na tambayi Inna ko shirin layya muke tun yanzu, ta harare ni ta ce, "Kai dai ka cika tambaya." Nan na gane. Ai haka muke jin labarin ciki a gidajenmu: ka ga ana tara itace a lungu ba a taɓa shi, ka ga hijabi ya ƙara faɗi, ka ga mace ta bar fura ta koma tsotson tsamiya. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Da na koma makaranta, wani malaminmu ya ba mu aiki a kan sakaya zance, wato yadda harshe ke kewaye abin da ake jin nauyin faɗa. Na ce ai gida ya zo. Na zauna na jero su: tana da juna biyu, ta yi nauyi, ta samu rabo, ba ta jin daɗi kwana biyu, ta sauka, an samu ƙaruwa. Na yabi Hausa da ladabi da zurfin ciki, malam ya ba ni 15 bisa 20, na yi ta murna. Yau in na karanta aikin nan kunya nake ji, don na ƙirga kalmomin ban tambayi abin da suke rufewa ba.

Ku ɗauki jumlar da kowannenmu ya sha ji a fada: "An yi mini haihuwa." Ku warware ta kamar yadda muke yi a aji. Maigida yana nan, shi ne "mini", shi aka yi wa. Haihuwa tana nan. Ina wadda ta kwana tana murƙususu? Ta shige cikin "an", wakilin sunan da muke sawa in ba mu san mai aiki ba, ko ba mu damu da shi ba: an share gida, an ɗauke wuta, an yi mini haihuwa. Malamanmu sun sha gargaɗinmu kada mu ɗora wa nahawu laifin mutane, kuma na yarda, "an" ba ta taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Amma baki yana furta abin da gida ya saba yi. Mun saba namiji ya tsaya a ƙarshen al'amari yana amsar barka, ba ruwansa da wata taran da suka gabata.

Bari in ba ku labarin yadda ta ƙare.

Da cikin ya cika wata bakwai aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Al'ada ce mai ma'ana, ba na musu: yarinya ta haihu kusa da uwarta, inda za ta iya cewa wash ba tare da ta ji nauyin surukai ba. Sai dai ba wanda ya tsaya ya lissafa cewa garinmu yana da gidan likita da sajfam, nasu kuwa sai an yi tafiyar awa biyu a amalanke. Muka ɗauke ta daga kusa da magani muka kai ta nesa, da rakiya da buhun gero.

Naƙuda ta kama ta ran Litinin bayan magariba, cikin watan Agusta, damina ta zauna. Ba ta gaya wa kowa ba sai da gari ya waye. Mai cikin fari ba ta raki, kun sani. In ta yi kuka, abokan wasa za su riƙa yi mata gori da shi har ta yi jika. Ta cije zane ta kwana. Da safe aka kira tsohuwar ungozoma, aka ba ta rubutu, aka jiƙa mata maganin zaƙi, aka ce a yi haƙuri, cikin fari dama yana da nawa. Sai la'asar ran Talata aka bugo wa Yaya waya, shi ma abin da aka ce masa, "ba ta jin daɗi". Da muka isa a babur, mun tarar da ita ko magana ba ta iya yi. Aka shimfiɗa tabarma a amalanke, shanu suna ja cikin taɓo, mu muna binsu a baya da fitilar salula.

Majo ya duba ta, ya ɗago ya ce, "Tun yaushe?" Aka ce tun jiya. Bai zage mu ba, da ya zage mu ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti, kuma motar likita ta fita da wata. Mai motar tasha ya ce jaka 30, ba ragi, hanya ta ɓaci. Yaya ya zazzage aljihu, jaka 4. Watan Agusta ne fa, rumbu ya yi ƙasa, kowa a gari jiran sabon gero yake. Dukiyar gidanmu gaba ɗaya tana ɗaure a turke tana tuƙa. Ni aka sake aika, na tada mahauci daga barci. Wanda ya zo sayar da dabba da fitila a hannu ba ya ciniki. Ragon da aka yi wa hidimar wata huɗu ya tafi a kuɗin da bai kai na sayensa ba.

A asibiti aka yi mata aiki aka ciro yaron. Aka ce ana son jini, dangi su bayar. Mai ɗibar jini ya tambaye ni rukunin jinina. Ni da na haddace jadawalin sautukan harsunan duniya, na san inda ake furta kowane baƙi daga leɓe har maƙogwaro, na tsaya ina kallonsa kamar ya yi mini Sinanci. Yaya ma haka. Allah ya sa nawa ya yi. Da asuba wata sajfam ta fito ta ce mana da Hausa tsantsa, kan yaron ya fi ƙarfin ƙugun uwar, ko kwana bakwai za ta yi tana nishi ba zai fito ba.

Sun rayu, su biyun, alhamdu lillahi. Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran suna an yanka rago. Bashi aka ci aka sayo wani. An yi anko, an ɗauko kujeru haya, an dafa shinkafa, an raba goro da dabino, maroƙa sun wasa Yaya har ya yi kyautar hularsa. Mutane suna shigowa suna cewa, "Barka, an sauka lafiya?" ana amsa musu, "Lafiya lau." Na tsaya a zaure ina jin kalmomin nan biyu suna share amalanke, suna share mahauci, suna share ledar jini. Ba wanda ya zauna da Yaya ya ce me ya faru, me za a gyara. Ƴan mata sa'o'inta da suka zo barka sun koma gida da labarin atamfa, ba su ji cewa shirun da ta yi daren Litinin ya kusa kai ta kushewa ba. Wasu tsofaffi ma yabonta suke, wai jaruma ce, ko tari ba a ji ta yi ba.

Kada a ce ba mu iya shiri ba. Wallahi mun iya. Ku dubi tanadin da ake yi wa jego: itacen wankan kwana arba'in, babbar tukunya, gero, kanwa, yaji, ƙauri, tsofaffin zannuwa masu laushi. Ku dubi yadda mace ke riƙe lissafin biki a ka, ta san wadda ta kawo mata dala ɗari shekara uku da suka wuce da abin da za ta mayar. Mutanen da suka iya wannan lissafi ba za a kira su sakarkaru ba. Abin da nake cewa shi ne, duk shirin namu yana farawa ne daga ranar da aka ji kukan jariri. Mun gina masauki a tsallaken gulbi, mun share, mun yi shimfiɗa, ba mu tanadi kwalekwale ba. Mu ne kuma muke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi wannan magana a gida, na yi ta a fada, kuma na ji amsoshi. Ba dukansu ne na banza ba.

Inna ta ce, "Mi ya kai bakinka ga zancen mata? Ciki ba a shelarsa, akwai baki, akwai ido." Na fahimce ta. Matar da ta binne ƴaƴa uku ba za ka koya mata tsoro ba. A wurinta ɓoye ciki, da ƙin sayen kayan jariri kafin ya zo, hanya ce ta kare zuciya: kada a ɗinka riga a rasa mai sa ta. To, na ce, Inna, a bar rigar, ban damu da riga ba. Amma in baki ake tsoro, wa ya fi rago shela? Duk unguwa ta ji kukansa wata huɗu. Sajfam kuwa mutum ɗaya ce, a ɗaki, ƙofa a rufe. Yaya aka yi muka amince wa unguwa muka ɓoye wa mai magani?

Kuma ɓoyon watannin farko shi ya fi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farkon kafin ciki ya wuce mako 12. A awon nan ne ake auna tansiyo, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a yi allurar tetanos, a ba da gidan sauro, sannan daga wata na huɗu a fara ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda a ƙasarmu yake shanye jinin mai ciki ya tsumburar da ɗan tayi. Wadda ta fara zuwa a wata na bakwai ta yi asarar kaso mai yawa na wannan. Mu kuwa mun samu kalma ɗaya mun zuba komai a ciki: laulayi. Amai laulayi ne, jiri laulayi ne, fuska da hannuwa su kumbura laulayi ne, ko a yi dariya a ce tagwaye ne. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, su ma laulayi. Alhali waɗannan na ƙarshe alamun hawan jini ne mai kai ga jijjiga, kuma in ta faɗi tana jijjiga sai a ce iska ce, a nemo hayaƙi. Harshen da ya bambanta gero da maiwa da dauro, ya ba kowane ruwan sama sunansa daga yayyafi har mamako, bai gaza raba laulayin banza da na mutuwa ba. Mu ne ba mu zauna mun raba ba.

Wani abokina ustazu ya ce ina wasa da sunna. Ban yi ba. Ku tambayi duk malamin da kuka yarda da shi: a mazhabar Malikiyya da muke bi, yankan suna abin so ne, ba farilla ba, dabba ɗaya ce ran bakwai ga wanda ya samu iko. Anko da kujerun haya da maroƙa kuwa ba su cikin kowane littafi. Ciyar da mace da kula da ita da kare rai, nan ne nauyi yake. Mun ɗauki mustahabbi mun ɗaure shi a turke muna ba shi dusa, mun bar wajibi yana tafiya a amalanke. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin abin da ke tura mu ga ragon ba lada ba ne, gudun gori ne. Namijin da bai yanka ba, gari zai yi da shi. Namijin da matarsa ba ta je awo ba, ba mai ce masa uffan.

Sai masu cewa talauci ne, kuma likita ba daɗi. Nan kam akwai gaskiya, ba zan rufe ta ba. Tun 2005 gwamnati ta ce aikin ciro jariri kyauta ne, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma duk wanda ya taɓa jinya ya san kyautar ba ta biyan mota, ba ta ciyar da mai jinya, kuma in magani ya yanke a asibiti takarda za a miƙo maka ka nufi farmasi. Akwai matan da suka je awo aka daka musu tsawa a gaban jama'a, suka rantse ba su ƙara komawa. Karnen awon matar Yaya da na buɗe, daga bango har bango Faransanci ne da gajerun haruffa, ita ba ta karanta shi, mijinta ba ya karanta shi, tana adana shi a ƙarƙashin katifa kamar laya. A 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina jiran ranar da mai ciki za ta buɗe takardarta ta ga an rubuta mata, da harshen da take mafarki da shi, cewa in ta ga jini, ko ruwa ya fashe ba naƙuda, ko naƙuda ta wuce yini ko ta wuce dare, ta taho ko da ƙarfe nawa ne. Wannan faɗa ne da ya kamata mu yi da hukuma, kuma za mu yi shi. Amma talaucin da ya iya sayen rago sau biyu a ciki ɗaya, ba shi ne ya hana a ajiye kuɗin mota ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya ce a cikin haihuwa 100,000, uwaye 535 ke rasuwa, a lokacin da ake lissafa wa macen Nijar haihuwa fiye da bakwai a rayuwarta. Ku haɗa lissafin da kanku, gulbin nan ba sau ɗaya ake tsallaka shi ba. Waɗanda ba su mutu ba kuma ba duka suka tsira ba. A Danja, nan kusa da Maraɗi, akwai asibiti guda da aka buɗe a 2012 don masu yoyon fitsari, kuma babban abin da ke kai mata can shi ne irin daren da matar Yaya ta yi: kan ɗa ya tokare, ya danne mafitsara awa da awanni har naman ya mutu. Da yawansu jarumai ne, ko tari ba a ji sun yi ba. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya gamawa da mace cikin awa biyu, daidai tsawon tafiyar amalanken nan. Ko jegon da muke taƙama da shi yana son a sake duba shi: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi.

Abin haushin, dabarar ba daga waje za a kawo mana ita ba. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Mata suna zuba ƴan kuɗi duk mako, suna ranta wa juna. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a gidan likita, gemu da gemu, ba wanda rawaninsa ya faɗi. To mu fa, ƴan fada? Muna da kuɗin shayi da sukari, muna da karo-karon auren aboki, muna iya kwana muna gardamar Barcelona da Real Madrid. A fadarmu akwai babura huɗu, ba wanda ya taɓa cewa ga lambata, in dare ya yi wa matar wani a kira ni. Mu goma sha biyu ne, na tambaya, mutum biyu kaɗai suka san rukunin jininsu, ɗayan ma don ya nemi shiga soja ne.

Ku ƴan uwana mata da ke aji ɗaya da mu, ba zan koya muku abin da kuka fi ni sani ba. Roƙo ɗaya nake yi: ku daina yaba wa wadda ta yi shiru. In ƙanwarku ta ce ciwo take ji, kada ku ce mata ragguwa. Mu kuma maza, yawancinmu nan da shekara biyar za a "yi mana haihuwa". Wanda ya iya zuwa kasuwa ya buɗe bakin rago ya ƙirga haƙoransa, ya iya raka matarsa gidan likita ya zauna a benci ya ji abin da aka ce. In rago za a saya, a saya, amma a fara ware kuɗin dare a ba ta ta riƙe a hannunta, a san motar wa za a kira, a san jinin wa zai yi, kuma in za a kai ta goyon ciki a tambaya tukuna ko akwai sajfam a garin. Mu da muka yi boko, mafi ƙanƙantar abin da za mu yi a hutu shi ne mu karanta wa matan gidanmu karnensu, mu fassara musu, ko da za a ce mun yi rashin kunya.

An kuwa ce na yi. A hutun da ya wuce na lura an fara tara itace a lungun nan kuma. Na sami Yaya shi kaɗai a gona, na ce, "Yaya, wata nawa ne?" Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce boko ya gama lalata ni, wane irin ƙane ne ke tambayar cikin matar wansa. Na ce wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, an ce kada ta sake gwada haihuwa a gida. Ya ci gaba da noma bai tanka ba. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Daren da zan komo Yamai, ina haɗa kaya, ya leƙo ɗakin ya jefo mini wani abu a kan tabarma, a naɗe cikin baƙar leda. Karnen ne, sabo, awo ɗaya a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon waje, ya ce, "Karanta mini ranar da suka ce ta koma. Kuma kada Inna ta ji."